Madubin da ke Cikin Akwati: Tarihin Kyamarar DSLR da Shawara ga Mai Sayen Farko

Wata rana wani matashi daga wajen Dosso ya kira mu ta waya muna tsakiyar shiri, da tambayar da ba ta shafi batun ranar ba. Ya ce ya je Kure ya ga raƙuman dawa da idonsa, ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoto, da ya dawo gida ya duba sai ya tarar raƙumin dawan bai fi sauro girma ba a tsakiyar sabara. Ya ce ya ɗan tara kuɗi, yana son kyamara ta gaske wadda zai ɗauki namun daji da shimfiɗar ƙasa da ita, to wacce zai saya? Lokaci bai bar ni na ba shi amsa yadda ya kamata ba. Wannan rubutu shi ne amsar, kuma na bi ta hanyar tarihi ne, domin duk shawarar da zan ba shi daga tarihin na'urar ta fito.

Matsalar nisa

Tun ranar da aka fara ɗaukar hoto, mai son dabba yana fama da abu biyu: dabba ba ta tsayawa, kuma ba ta yarda a matso ta. Asalin na'urar ya daɗe. Ibn al-Haisam, malamin da ya rayu a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya bayyana yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƴar ƙaramar kafa ya zana siffar abin da ke waje a jikin bango, kai ƙasa. Amma kama wannan siffa ta zauna sai a ƙarni na 19. Hoton da Bafaranshen nan Nicéphore Niépce ya ɗauka daga tagar gidansa wajen 1826 ya ci sa'o'i masu yawa kafin ya kama. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Daguerre, ita ma tana buƙatar abin da ake ɗauka ya daskare. Dutse da gini suna iya wannan haƙuri. Barewa ba ta iyawa.

Shi ya sa hoton shimfiɗar ƙasa ya riga hoton dabba. A 1871 William Henry Jackson ya bi ayarin masu binciken ƙasa zuwa yankin Yellowstone a Amurka. Kayansa a kan alfadarai ake ɗora su: falankan gilashi, kwalaben sinadari, da tanti mai duhu, domin a lokacin sai an shafa wa gilashi magani an ɗauki hoton an wanke shi nan take kafin ya bushe. Hotunan da ya kawo suna cikin abubuwan da aka nuna wa ƴan majalisar Amurka, kuma a watan Maris na 1872 aka mai da Yellowstone gandun ƙasa, na farko a duniya. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi: hoto ya taɓa ceton daji.

Masu son dabba kuwa sai suka koma ga dabarun maharba. A Ingila, ƴan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafin sheƙar tsuntsaye a 1895 wanda duk hotuna ne aka ƙawata shi da su, ba zane ba. Don su kusanci tsuntsu suka sa aka ɗinka musu fatar sa a kan katako, mutum ya shige ciki da kyamararsa yana leƙe ta wata kafa a ƙirjin san. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin maharbanmu sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi su duƙa suna tafiya irin tasa har su cim ma nama. Shi kuma George Shiras a Amurka tarko ya ɗana: igiya a kan hanyar dabba, in ta taɓa ta sai garin wuta ya tashi kyamara ta ɗauka cikin dare. A 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa guda, abin da ya sa mutum biyu daga shugabanninta suka ajiye muƙami, wai ana mai da mujallar ilimi littafin hotuna.

Duk waɗannan dabaru na matso da mutum kusa da dabba ne. Ɗayar hanyar ita ce a matso da dabbar kusa da mutum, wato a yi amfani da dogon gilashin ido mai jawo nesa, wanda masu sana'a ke kira lensi, namu na Nijar kuma su ce objektif. A nan madubi ya shigo.

Abin da madubi ya warware

Tsofaffin ƙananan kyamarori, irin Leica da ta fito a 1925, suna da taga ta daban a gefe wadda mai ɗauka ke leƙawa. Ido na kallo ta wata ƙofa, fim na kallo ta wata. In lensin gajere ne bambancin kaɗan ne. In dogo ne kuwa, abin da ka gani daban, abin da ya kama daban, kuma daidaita kaifin hoton yana wuya ƙwarai. Saboda haka irin waɗannan kyamarori ba su cika wuce lensin milimita 135 ba, wanda bai isa tsuntsu a kan gawo ba.

Maganin shi ne a sa madubi a karkace a bayan lensin. Haske ya shigo, ya bugi madubin, ya haura sama, wani gilashi mai kusurwa biyar ya miƙe siffar ya kai ta idon mai ɗauka. Abin da lensi ya gani shi idonka ya gani, ko da tsawonsa kamu biyu ne. In ka danna, madubin ya ɗaga sama, ƙyauren da ke bayansa ya buɗe ya rufe, haske ya faɗa kan fim, madubin ya dawo. Ƙarar nan ta "ƙaras" da ake ji, motsin madubi da ƙyaure ne. Wannan tsari shi ake kira SLR, ma'anarsa lensi ɗaya mai madubi. Harafin D da aka ƙara daga baya na dijital ne kawai.

Thomas Sutton ya yi wa dabarar rajista a Ingila tun 1861, amma ta ɗauki kusan shekara ɗari kafin ta nuna. A 1936 aka ƙera Kine Exakta a birnin Dresden na Jamus, mai aiki da ƙaramin fim na milimita 35. A 1949 Contax S ta zo da gilashin nan mai kusurwa biyar, aka daina duƙawa ana kallon hoto a juye. A 1954 kamfanin Asahi na Japan, wanda daga baya ya zama Pentax, ya sa madubin ya riƙa dawowa da kansa nan take. A 1959 Nikon F ta haɗa waɗannan duka a jiki ɗaya mai ƙarfi, da jerin lensuna masu yawa da ake cirewa a sauya. Daga nan ƴan jarida da masu bin daji suka koma kanta. A 1985 Minolta 7000 ta zo da daidaita kaifi da kanta, abin da ya sauƙaƙa bin dabba mai gudu.

Akwai darasi ɗaya a wannan zamani da ya shafi aljihun mai saye a yau. Bakin da Nikon ta yi wa kyamararta a 1959, wato wurin da ake murɗa lensi, shi ta ci gaba da amfani da shi a duk DSLR ɗinta. Canon kuwa a 1987 ta watsar da tsohon bakinta ta kawo sabo mai suna EF, masu tsofaffin lensuna suka yi ta ƙorafi, amma wannan bakin ya zauna fiye da shekara talatin. Ke nan jikin kyamara na zuwa ya wuce, lensi na nan. Wanda ya sayi kyamara, baki ya zaɓa, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga fim zuwa sensa

A 1969 Willard Boyle da George Smith na ɗakin binciken Bell a Amurka suka ƙirƙiro wani ɗan faranti mai mai da haske ya zama lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani matashin injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko da irin wannan faranti, wato sensa. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo dubu goma kacal, kuma tana cin daƙiƙa 23 kafin ta rubuta shi a kan kaset irin na rediyo. Kodak da fim take cin abinci, saboda haka ba ta yi gaggawar kashe kasuwarta da hannunta ba. Duk da haka ita ce ta fara sayar da DSLR a 1991: jikin Nikon F3 da aka dasa wa sensa mai ɗigo miliyan 1.3, da wani akwatin ajiya da ake ratayawa a kafaɗa. Kuɗinta ya haura dalar Amurka dubu goma nesa ba kusa ba, sai manyan gidajen jarida.

Daga nan farashi ya kama gangarowa. A 1999 Nikon D1 ta fito da ɗigo miliyan 2.7 a kan wajen dala 5,500. A 2003 Canon ta fitar da EOS 300D mai ɗigo miliyan 6.3, tare da lensinta a kan dala 999. Wannan ne karo na farko da DSLR ta sauka ƙasa da dala dubu, kuma daga ita ne abin da muke kira kyamarar mai farawa ya samo asali. Nikon ta mayar da martani da D70 a 2004, sannan D40 a 2006. Shekara goma da suka biyo baya kamfanonin biyu suka yi ta tsere, kowace shekara ko biyu sabon samfuri, har cinikin DSLR a duniya ya kai ƙololuwarsa a 2012. A watan Janairun wannan shekarar ce kuma Kodak ta bayyana karyewa.

Don a rage kuɗi, an yi wa waɗannan kyamarori sensa ƙarama, wajen milimita 23 a 15, maimakon 36 a 24 na fim. Ana kiran ta APS-C. Wannan tsimi ya zama alheri ga mai bin dabba. Da yake sensar tsakiyar hoton kawai take kamawa, abin da ke nesa yana cika fili fiye da yadda zai cika a babbar sensa: sau 1.5 a Nikon, sau 1.6 a Canon. Lensin milimita 300 sai ya ba ka kallon 450 ko 480. Ke nan a wannan fage kaɗai, kyamarar talaka ta fi ta mai kuɗi jawo nesa.

Faɗuwar madubi

Abu biyu suka kawo ƙarshen wannan zamani. Wayar hannu ta cinye kasuwar masu ɗaukar hoton biki da suna. Sannan a 2008 Panasonic ta fitar da G1, kyamara mai sauya lensi amma babu madubi, domin sensar da kanta ke nuna wa ido hoton a wani ƙaramin allo. Sony ta biyo da A7 a 2013. A 2018 Canon da Nikon su ma suka fito da nasu manyan marasa madubi da sababbin baki. A 2020 cinikin marasa madubi ya wuce na DSLR. Manyan DSLR na ƙarshe da kamfanonin biyu suka yi wa ƙwararru, EOS-1D X Mark III da D6, duk ƴan 2020 ne. Pentax ce kawai ta tsaya a kan madubi.

Wani zai ce to me ya sa za a sayi abin da masu shi suka juya wa baya? Amsar ita ce juya bayan shi ya kawo shi kusa da mu. Miliyoyin mutane a Turai da Amurka da Asiya suna sayar da tsofaffin kyamarori da lensuna don su koma sabon yayi, kayan kuma suna gangarowa kasuwannin na-hannu. Kyamarar da ta ɗauki hoto mai kyau a 2015 ba ta manta aikinta ba. Kuma DSLR tana da wata fa'ida da ta dace da ƙasarmu: leƙawa ta madubi ba ya cin batir. Nikon D3500 ta 2018, bisa gwajin masana'anta, tana ɗaukar hoto wajen 1,550 a caji ɗaya. Wanda ya taɓa kwana uku a ƙauyen da babu wuta ya san darajar wannan.

Me ya sa abin ya dame mu

Yammacin Afirka ba ta rasa manyan masu hoto ba. Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, Philippe Koudjina a Yamai, sun bar mana fuskokin iyayenmu da adonsu da raye-rayensu. Amma mutane suka ɗauka, domin mutum ne ke biyan kuɗin hotonsa. Dogon lensi da tulin fim da mota zuwa daji sun fi ƙarfin mai shagon hoto, saboda haka yawancin hotunan dajinmu baƙi suka ɗauka suka tafi da su.

Daji kuwa ba ya jira. Bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada har aka sa ta a taswira, mota ta kaɗe ta a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, yadda take a raye kuwa sai a ƴan hotuna. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙaho masu lanƙwasa, a 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mai da ita Cadi daga waɗanda aka kiwata a wasu ƙasashe. Raƙuman dawan Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai, su ne ragowar irinsu na Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 suka rage. Da kariya da haɗin kan manoman yankin sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Ƙidayarsu da hoto ake yin ta, domin zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai kamar zanen yatsa, sai a ɗauki gefensa na dama da na hagu a gane shi a shekara mai zuwa. Aikin da Jackson ya yi da alfadarai, yau ɗan Dosso yana iya yin irinsa da jaka ɗaya a kafaɗa.

To wacce za a saya?

Ɗan'uwa, ka fara da lensi, sauran kuɗin ka sayi jiki. Duk DSLR ta masu farawa da Canon ko Nikon suka yi daga wajen 2012 zuwa sama tana da ɗigo miliyan 18 zuwa 24, wanda ya ninka na D1 ta ƙwararrun 1999 sau shida zuwa tara. Kada mai shago ya ruɗe ka da yawan ɗigo. Canon 700D, 750D ko 2000D, Nikon D3300, D3500, D5300 ko D5600, kowacce ta isa. In ka sami Canon 70D ko Nikon D7100 ta hannu mai lafiya a kusan kuɗi ɗaya, ɗauke ta, domin ta fi saurin bin dabba kuma jikinta ya fi jure ƙura.

Lensi biyu kake buƙata. Ƙaramin da ke zuwa da kyamara, 18 zuwa 55, ya wadatar da hoton tsaunukan Ayir ko gaɓar Kwara. Ka tsuke kafar haske zuwa f/8 ko f/11, ka bar ISO a 100, ka ɗora kyamarar a kan maƙafa uku ko buhun yashi. Na biyu shi ne dogon, kuma dole ya kasance mai hana rawar hannu, abin da Canon ke rubutawa IS, Nikon ke rubutawa VR. A Canon, 55 zuwa 250 mai IS ya fi 75 zuwa 300 marar shi, ko da na biyun ya fi araha kuma lambarsa ta fi girma. Araha ba ta ado. A Nikon, 70 zuwa 300 mai VR. Wannan ya isa raƙumin dawa da dorinar Ayoru da giwa. Ƙananan tsuntsaye suna son 400 zuwa 600, irin 150 zuwa 600 na Tamron da Sigma, amma wannan sayen gaba ne.

Tarihin bakin Nikon yana da tarko biyu. Tun daga D40 kamfanin ya cire injin daidaita kaifi daga jikin ƙananan kyamarorinsa, saboda haka jerin D3000 da D5000 ba sa daidaita tsofaffin lensunan da ba su da injin kansu: za su murɗu su zauna, amma da hannu za ka yi ta juyawa. Sababbin lensuna masu alamar AF-P kuma ba sa aiki da tsofaffin jikuna irin D3100, D3200 da D90. Kada ka biya kuɗi sai ka haɗa su a gaban mai shago ka ga sun yi.

In ta hannu ce, ka nemi adadin hotunan da ta ɗauka, domin ƙyauren ƙananan kyamarori wajen dannawa dubu ɗari aka auna masa. Ka haska tocila cikin lensin ka duba fumfuna ko hazo. Ka ɗauki hoton sararin sama da f/22, duk dattin da ke kan sensa zai fito kamar ɗigon tawada. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarka a hunturu. Yawancin DSLR tun bayan 2006 suna girgiza sensarsu don kakkaɓe ta, amma an cire wannan a D3400 da D3500, haka Canon 2000D da 4000D ba su da shi. Kada ka sauya lensi cikin iska, ka sayi ɗan famfon hura iska na roba, kuma kada ka bar kyamara cikin mota a rufe da rana.

Saura abin da ba a saye. Ka fita da asuba zuwa hantsi, ko daga la'asar sakaliya, lokacin da haske ke kwance kuma zafin ƙasa bai sa iska rawa ba. Dabba mai motsi tana son ƙyaure ya buɗe ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Ka koyi hannunka a kan shamuwa da balbela da awakin unguwa kafin ka kashe kuɗin mota. Kuma ka tuna daji ya sauya: a ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a yankin Kure, cikinsu har da ɗan jagora na wurin. Kada ka shiga gandu sai da izinin hukuma da jagoran da ya san halin da ake ciki a ranar, kuma dogon lensi kusa da shingen sojoji neman fitina ne.

In ka dawo da hotunan, ka rubuta wuri da kwanan wata a kan kowanne, ka ajiye su wuri biyu. Hoton gawon bayan garinku da tsuntsayen da ke kansa ba zai yi maka kama da wani abu ba a bana, amma jikanka zai so ya san me ke wurin kafin a yi gona.